Tsohuwar kwamfutar ƙwararru: a gyara ta, a sayi ta hannu, ko a sayi sabuwa?

Manyan kwamfutocin tebur da ake ƙerawa domin ƙwararru, irin su jerin Z na kamfanin HP, da Precision na Dell, da ThinkStation na Lenovo, an yi su ne da nufin su jure aiki mai nauyi dare da rana, shi ya sa ƙarfen jikinsu ya fi kauri, fankokinsu suka fi yawa, farashinsu kuma ya zarce na kwamfutar ofis nesa ba kusa ba. Kamfanonin Turai da Amurka sukan sallame su bayan 'yan shekaru, galibi da zarar garantinsu ya ƙare, daga nan sai su faɗa kasuwar kayan hannu, wasu su sauka a Legas, su bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja, su ƙare a shagunan masu tace finafinai da masu zanen gine-gine da masu ɗab'i a Kano da Kaduna da sauran garuruwa. HP Z420 da Dell Precision T3600 sun fito a 2012, HP Z440 da Precision T5810 kuma a 2014, wato duk wanda ke da ɗaya daga cikinsu yana aiki ne da na'urar da aka tsara fiye da shekara goma da suka wuce. Ranar da irin wannan na'ura ta fara ɗaukewa a tsakiyar aiki, ko ta ƙi tashi da safe sai an yi ta dannawa, hanyoyi uku ne a gaban mai ita: ya gyara ta, ko ya sayi wata ta hannu wadda ta fi ta ƙuruciya, ko ya daure ya sayi sabuwa.

Kuskuren da aka fi yi wajen wannan zaɓi shi ne a ɗauki shekarun na'urar a matsayin ma'auni guda, alhali sassanta ba tare suke tsufa ba. Lamarin ya yi kama da na ɗakin soro, wanda azararsa kan kai jika da tattaɓa-kunne, amma yaɓen samansa sai an sabunta shi kafin kowace damina. Furosesa, wato guntun da ke yin lissafi, da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi, waɗanda su ne suka fi tsada lokacin da na'urar take sabuwa, da wuya shekaru su kashe su. Abubuwan da shekaru ke ci su ne masu juyawa, da masu ruwa a cikinsu, da masu batir, kuma yawancinsu ba su da tsada. Akwai kuma wani tsufan na daban wanda ba ya nunawa a jikin na'urar ko kaɗan, shi ne lokacin da masu yin manhajoji suka daina la'akari da ita, kuma a ganina wannan na biyun ne ya fi yanke hukunci a yawancin lokuta.

Kafasita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ita ce tushen yawancin matsalolin da ake rasa kansu. Irin wadda ake kira mai ruwa 'yar gwangwanin alminiyom ce da ke ɗauke da sinadari mai danshi, aikinta shi ne ta daidaita wutar da ke zuwa wa sauran sassa. Wannan danshin yana bushewa sannu a hankali ta bakin robar da aka toshe ta da ita, kuma zafi ne ke gaggauta bushewar. Masu ƙera ta suna rubuta iyakar zafin da take ɗauka, galibi digiri 85 ko 105 a ma'aunin Salsiyos, tare da adadin awoyin da za ta yi a wannan zafin, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk raguwar zafi da digiri 10 tana ninka tsawon ranta. Idan aka ɗauki wadda aka rubuta wa awa 2,000 a digiri 105, to a digiri 65 za ta yi kimanin awa 32,000, wato shekara uku da wata takwas tana kunne ba hutawa, a digiri 55 kuma ta yi ninkin haka, amma a digiri 75 rabin haka kawai za ta samu. Wannan lissafi shi ke bayyana dalilin da ya sa na'urar da ta yi shekara biyar lafiya ƙalau a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a Jamus za ta iya fara ciwo da wuri a shagon da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 tun kafin a kunna komai.

Alamomin gajiyar kafasita ba sa fitowa a fili da farko. Na'urar kan ƙi tashi idan ta kwana a kashe, sai an gwada sau da dama sannan ta kama, ko ta yi aiki lafiya har sai an ɗora mata aiki mai nauyi kamar fitar da bidiyo, sai ta ɗauke ta sake tashi da kanta. Idan aka buɗe aka ga saman gwangwanin ya kumbura, ko wani abu mai launin tsatsa ya tsattsafo, to an gano mai laifi, sai dai kafasita tana iya bushewa sarai ba tare da ta canja kama ba, kuma gane wannan sai mai gyaran da ke da na'urar auna ta. Tsakanin 1999 da 2007 an yi wata annoba ta kafasitoci marasa inganci da suka shiga kayan kamfanoni da yawa, kuma takardun wata shari'a da suka fito fili a 2010 sun nuna cewa Dell ya sayar da kwamfutocin OptiPlex kimanin miliyan 11.8 tsakanin 2003 da 2005 waɗanda ke cikin haɗarin wannan matsala. Bayan wannan ne masu ƙera madabod, wato babban allon da sauran sassa ke haɗuwa a kansa, suka koma ga kafasitoci busassu a wuraren da suka fi ɗaukar zafi, saboda haka madabod ɗin na'urar 2012 ko 2014 ya fi na 2004 juriya ƙwarai. Wurin da masu ruwan suka ci gaba da zama shi ne cikin akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak.

A nan ne gyara ke fara haɗuwa da cikas. Akwatin wutar kwamfutar da aka harhaɗa a kasuwa iri ɗaya ne a ko'ina, ana iya cire shi a sa wani cikin minti goma. Na HP Z da na Dell Precision kuwa siffarsa da bakin wayoyinsa na kamfanin ne kaɗai, don haka idan na Z420 mai wat 600 ya mutu, abin da za a samu a kasuwa shi ne wanda aka ciro daga wata Z420 ɗin, mai shekaru irin na wanda ya mutu, da kafasitocin da suka sha irin wahalar da nasa suka sha. Wanda ya sayi irin wannan bai sayi sabon rai ba, ya sayi ragowar ran wani ne wanda bai san iyakarsa ba. Mafita mafi inganci ita ce a samu ƙwararren mai gyara ya sauya kafasitocin da sababbi masu digiri 105 daga sanannun masu ƙerawa, amma wannan aiki ba na kowa ba ne, domin manyan kafasitocin cikin akwatin suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare waya daga bango, kuma kasuwa cike take da jabun kafasitoci masu ɗauke da sunayen kamfanonin Japan. Yanayin wutarmu ma yana ƙara wa akwatin nauyi, saboda ɗaukewa da dawowa, da hawa da saukar ƙarfin wuta lokacin da ake komawa kan janareta. Duk hanyar da mutum ya zaɓa cikin ukun, kuɗin UPS mai daidaita wuta yana cikin lissafi, in ba haka ba sabuwar ma za ta tsufa da wuri.

Faifan ajiya mai juyawa shi ne sashen da mutuwarsa ta fi ciwo, tunda aikin mutum yake tafiya da shi. Yana juyawa sau 7,200 a minti a yawancin waɗannan na'urori, kan da ke karanta shi kuma yana shawagi a kansa da tazarar da ido ba ya gani, saboda haka lalacewarsa magana ce ta lokaci. Kowane faifai yana ajiye bayanin lafiyarsa a wani tsari mai suna SMART, wanda manhaja kyauta irin CrystalDiskInfo ke nunawa, ciki har da adadin awoyin da ya yi a kunne da yawan gurabun da suka lalace aka maye gurbinsu. Wani bincike da injiniyoyin Google suka wallafa a 2007 a kan faya-fayai fiye da 100,000 ya gano cewa faifan da ya nuna kuskuren farko wajen binciken samansa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39, amma binciken ya kuma gano cewa kimanin kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ta SMART ba ko ɗaya. Ma'anar wannan a aikace ita ce gargaɗin SMART abin a ɗauka da gaske ne nan take, shirunsa kuwa ba shaidar lafiya ba ce. Faifan da ya wuce awa 43,800, wato shekara biyar cur a kunne, bai kamata ya zama shi kaɗai ke riƙe da aikin da ake cin abinci da shi ba.

Sauya shi da SSD, wato ma'ajiyar da ba ta da wani abu mai juyawa, shi ne gyaran da ya fi kowane biyan kuɗinsa, domin yana kawar da sashen da ya fi rauni kuma yana sa tsohuwar na'ura ta ji kamar an sake ta. Shi ma SSD yana da nasa tsufan, wanda ake aunawa da yawan bayanan da aka rubuta a kansa, kuma mai tace bidiyo yana cinye wannan kason da sauri fiye da mai aikin takardu. Yana da wani rauni kuma da ba kowa ya sani ba: idan aka ajiye shi ba wuta na dogon lokaci, cajin da ke riƙe bayanan yana zurarewa, musamman a wuri mai zafi. Ƙa'idar ƙungiyar JEDEC, mai tsara ƙa'idojin guntayen lantarki, ta buƙaci SSD na gida da ya kai ƙarshen kason rubutunsa ya riƙe bayanai na shekara ɗaya a digiri 30, don haka tsohon SSD ba wurin adana aikin shekaru a cikin durowa ba ne. Akwai kuma bambanci tsakanin tsararrakin biyu da aka ambata: Z440 tana iya tashi daga SSD mai sauri irin na NVMe idan aka sa shi ta katin PCIe, Z420 kuwa ba a tsara ta da haka ba, galibi sai dai a tsaya a kan na SATA.

Fankoki da man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen shan zafi ba su da tsada, amma sakaci da su ne ke hanzarta tsufan komai. Man yana bushewa ya tsattsage bayan shekaru na zafi da sanyi, furosesa ya riƙa ɗaukar zafi, ya rage gudunsa da kansa domin ya kare ransa, mai na'urar kuma ya ɗauka tsufa ne ya sa ta nauyi. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin haƙoran ƙarfen ta daskare, idan damina ta zo kuma ta sha danshi ta fara cin ƙafafun sassa. Hure na'urar da bulowa, tare da riƙe fankokin kada iska ta juya su fiye da kima, da goge tsohon man a shafa sabo, aiki ne na awa guda wanda sau da yawa yake warware abin da aka zaci babbar matsala ce. Wanda ya kamata a yi hattara da shi shi ne tsarin sanyaya da ruwa, wanda wasu manyan na'urori irin Z820 suka zo da shi, domin famfonsa yana gajiya, ruwan yana raguwa, kuma masu Power Mac G5 na Apple da ya fito da irin wannan tsari a 2004 sun sha ganin ruwan ya yoyo ya cinye abin da ke ƙasansa. Idan za a sayi ta hannu, mai sanyaya da iska ta fi kwanciyar hankali.

Batirin madabod, CR2032 mai bolt 3, shi ne mafi arha a cikin jerin, kuma idan na'ura ta fara manta kwanan wata ko tsarin faya-fayanta bayan an ɗauke wuta, shi ne abin dubawa kafin komai. A tsofaffin na'urorin Sun SPARCstation na shekarun 1990 lamarin ya fi haka tsanani, domin batirin a haɗe yake cikin guntun da ke riƙe lambar shaidar na'urar da adireshinta na sadarwa, idan ya mutu sai na'urar ta manta ko ita wace ce, manhajojin da aka ɗaure lasisinsu da wannan lamba kuma su ƙi aiki.

Sauran sassan ba sa buƙatar dogon bayani. Katin hoto yana fama da tsagewar dalmar da ke ƙarƙashin guntunsa saboda faɗaɗa da tsukewar da zafi ke jawowa, kuma alamarsa ita ce layuka ko ɗigogi a fuskar allo. A 2008 kamfanin Nvidia ya ware kusan dala miliyan 200 saboda irin wannan matsala a wasu guntayensa. Gasa katin da iska mai zafi, kamar yadda wasu masu gyara ke yi, yakan dawo da shi na ɗan lokaci ne kawai, sauya shi ya fi. RAM kuwa, wani binciken da aka yi a kan na'urorin Google aka wallafa a 2009 ya nuna cewa kimanin kashi 8 cikin ɗari na sandunan suna samun aƙalla kuskure ɗaya mai gyaruwa a shekara, kuma nan ne waɗannan na'urori suke da fifiko, tunda RAM ɗinsu irin na ECC ne, mai gano kuskure ya gyara shi kafin ya ɓata aiki. Gwajin dare guda da manhajar MemTest86 ya isa ya nuna sandar da ta gaza, wani lokacin ma goge bakinta da sake zaunar da ita ne kawai maganin.

Idan aka tattara wannan duka, hanyar gyara tana da ƙarfi matuƙar madabod lafiya yake. SSD, da sabon man sanyaya, da batir, da fanka ɗaya ko biyu, da gyaran akwatin wuta, duka ba za su kai kuɗin wata na'urar ba, kuma mai ita ya san tarihinta, abin da ba zai taɓa sani ba game da wadda zai saya a kasuwa. RAM na DDR3 mai ECC da furosesoshin Xeon E5 da aka ciro daga tsofaffin sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanan kamfanoni, suna samuwa da sauƙin kuɗi, har mutum ya iya kai na'urarsa gigabait 64 da abin da ba zai saya masa rabin haka a sabuwa ba. Inda hanyar ke rushewa shi ne idan madabod ɗin ne da kansa ya fara ciwo, misali ramukan RAM suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ko akwai alamar tsatsa da ƙuna, ko na'urar ta ci gaba da ɗaukewa bayan an gwada ta da lafiyayyen akwatin wuta. A wannan matakin kowane gyara yana buɗe ƙofar wani ne, kuma kuɗin da aka zuba ba ya dawowa.

Sai kuma tsufan da ba a gani. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ƙarin wa'adin gyaran tsaro da ya buɗe wa masu buƙata na ɗan lokaci. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesan da ke cikin jerin da kamfanin ya amince da shi, wanda a ɓangaren Intel ya fara galibi daga tsara ta takwas ta 2017. Xeon E5 na Z420 da Z440 da T3600 da T5810 duka ba sa cikin jerin. Akwai dabarun tsallake wannan shinge, kuma mutane da yawa suna yi, amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da ba irin waɗannan na'urori sabuntawa ba, wanda ke nufin mai sana'a ya ɗora aikinsa a kan abin da za a iya janyewa kowane lokaci. Tsakanin tsararrakin biyu ma akwai wani layi mai muhimmanci. Furosesoshin E5 na farko da na biyu, waɗanda ke cikin na'urorin 2012 da 2013, ba su da umarnin lissafi na AVX2, wanda ya zo da tsara ta uku a 2014, kuma sababbin fitowar wasu manhajojin bidiyo na Adobe, da tsarin tafiyar da kwamfuta na Red Hat Enterprise Linux 10, ba sa aiki sai da shi. Katunan Quadro na tsarar Kepler da suka zo da wasu daga cikin waɗannan na'urori su ma Nvidia ya daina yi musu sababbin direbobi, wato manhajojin da ke sa katin ya yi aiki. Saboda haka Z420 lafiyayya sarai tana iya zama mara amfani ga mai tace fim da ke buƙatar sabuwar manhaja, alhali ga wanda zai sa mata Linux a maimakon Windows ya mai da ita ma'ajiyar fayilolin ofis, ko wanda ke aiki da tsohuwar manhajar zane ba tare da ya haɗa ta da intanet ba, tana da sauran shekaru a gaba. Hukuncina a nan shi ne na'urar 2012 ta cancanci ƙaramin gyara kawai, kada a kashe mata kuɗin furosesa ko babban katin hoto, ta 2014 mai DDR4 kuwa ta cancanci a kashe mata, muddin rashin Windows 11 ba zai tsayar da aiki ba.

Hanya ta biyu, sayen ta hannu mai ƙuruciya, ita ce ta fi dacewa da mafi yawan masu sana'a, da sharaɗin a tsallaka zuwa tsarar 2017, wato irin su HP Z4 G4, da Dell Precision 5820, da Lenovo ThinkStation P520, masu furosesan Xeon W da Windows 11 ta amince da shi. Sauya Z420 da Z440 ƙaramin mataki ne da ba ya fitar da mutum daga matsalar Windows, kuma bai cancanci kuɗin sabuwar na'ura ba sai idan tsohuwar ta mutu gaba ɗaya. Amfanin tsarar 2017 shi ne ana samun ECC, da ramukan RAM masu yawa, da gurabun katuna, da akwatin wuta mai ƙarfin ɗaukar babban katin hoto, a kan kaso kaɗan na farashinta na asali. Illarta ita ce ita ma agogonta ya daɗe da fara bugawa, kuma duk abin da aka faɗa game da kafasita da fanka da akwatin wuta na kamfani yana jiranta nan da wasu shekaru.

Wajen saye, kyan jiki ba ya nuna komai, domin fenti da goge-goge ba su da wuya. Abin yi shi ne a buɗe murfin a gaban mai sayarwa, a duba ko akwai tsatsa a sukurori da bakin ramuka, wadda ke nuna na'urar ta zauna a wuri mai danshi ko ta sha iskar teku a kwantena, a shinshina akwatin wuta ko akwai warin ƙuna, a shigar da lambar jikinta a shafin kamfanin domin a ga ainihin shekarar da aka sayar da ita. Awoyin da faifai ya nuna ba lallai su zama na na'urar ba, tunda kamfanoni da yawa suna cire faya-fayansu kafin su sayar, dillalai kuma su sa wasu. Ya kamata a kashe ta, a zare waya, a bar ta ta huce, sannan a ga ko za ta tashi a dannawar farko, bayan haka a ɗora mata aiki mai nauyi na aƙalla rabin awa ana kallon zafinta. A tabbatar kuma babu kalmar sirri a kan BIOS, wato saitin farko da na'urar ke tashi da shi, domin a waɗannan na'urori cire ta ba koyaushe yake da sauƙi ba. Dillalin da ya ƙi yarda da waɗannan gwaje-gwaje, ko ya ƙi ba da ko da 'yan makonni na garanti a rubuce, ya riga ya ba da amsa game da kayansa.

Hanya ta uku ita ce mafi tsada a ranar saye, amma akwai lissafin da ke rage tazarar. Sabuwar na'urar ƙwararru daga HP ko Dell ta fi ƙarfin aljihun yawancin ƙananan masu sana'a, don haka abin da ake kwatantawa a zahiri shi ne kwamfutar da aka harhaɗa da sababbin sassa na gama-gari. Furosesa matsakaici irin Core i5-12400 na 2022, mai cibiya shida, an ƙayyade masa wat 65, alhali Xeon E5-1650 na tsara ta uku, shi ma mai cibiya shida, wat 140 ne, kuma sabon ya fi shi sauri a kusan kowane aiki. A ƙaddara tsohuwar na'ura tana cin wat 100 fiye da sabuwa, ana kunna ta awa goma a rana, kwana 26 a wata: wannan ya kama yunit 26 ke nan a wata, wanda a farashin naira 225 da aka sanya wa masu wutar lantarki ta rukunin A a Afrilun 2024 ya kai naira 5,850, kimanin naira 70,000 a shekara. Ga mai aiki da janareta ko sola da inbata bambancin ya fi haka ciwo, domin kowane wat ƙarin fetur ne ko ƙarin batir, kuma zafin da na'urar ke fitarwa a ƙaramin shago shi ma sai an biya kuɗin fitar da shi. Ga kuma sauƙin gyara, tunda kowane sashe nata, har da akwatin wuta, ana samun sabonsa a kasuwa.

Abin da ake rasawa shi ne ECC a yawancin irin waɗannan haɗe-haɗe, da yawan ramukan RAM da na katuna, da ingancin ginin da aka gwada shi a matsayin abu guda. Sabunta kuma ba ta hana lalacewa: a 2024 Intel ya amince cewa wasu furosesoshinsa na tebur na tsara ta 13 da ta 14 suna lalacewa da wuri saboda wutar da ta wuce kima da suke nema, har ya ƙara musu garantin shekara biyu. Garantin ma sai an tambaya da kyau wa zai cika shi, domin takardar da za a iya amfani da ita a Dubai ko Amurka kaɗai ba ta da amfani ga mai shago a Zariya. Duk da haka, ga wanda aikinsa bai wuce gigabait 32 ko 64 na RAM ba, kuma wuta ce babban abin da ke cin kuɗinsa, sabuwar matsakaiciya ta fi tsohuwar babba. Wanda ke buƙatar RAM mai yawan gaske, ko katunan hoto biyu, ko lissafin da ke ɗaukar kwanaki wanda kuskure ɗaya zai rushe shi, ta hannu ta 2017 ce tasa.

Akwai rukuni guda da wannan kwatanci bai shafe su kamar sauran ba, su ne waɗanda tsohuwar kwamfutarsu ke tuƙa wata na'ura mai tsada, kamar injin ɗab'i, ko injin yankan ƙarfe da katako, ko na'urar ɗakin gwaje-gwaje, ta hanyar tsohon katin PCI ko manhajar da ba ta aiki sai a Windows XP ko Windows 7. A wurinsu sauya kwamfutar na iya nufin sauya injin gaba ɗaya, don haka gyara ne kaɗai zaɓi, kuma gara a yi shi tun tana aiki. A kwafe faifanta dungurungum zuwa wani, a gwada kwafin a tabbatar yana tashi, a rubuta saitin BIOS a takarda kafin a taɓa batir, a cire ta daga intanet, a kai akwatin wutarta a sauya masa kafasitoci, sannan a nemi wata irinta sak a ajiye domin sassa tun ana samunta a kasuwa. Ita ma ta ajiyar a riƙa kunna ta na 'yan awoyi lokaci-lokaci, domin kafasitocin da suka daɗe ba su ga wuta ba suna raunana, man da ke cikin fankoki kuma yana daskarewa.